Saman dandamalin da na yi da fayif ya ƙi zama, ina na yi kuskure?

Mai_Tankoki:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Don Allah taimako nake nema wajen waɗanda suka daɗe a harkar nan ta haɗa ƙananan samfuran motoci da jirage na roba. Na gama haɗa wata 'yar jif Willys, motar sojan nan, ta sikel 1/35, wato ta gaske ta ninka ta sau 35, ita ce abu na huɗu da na taɓa haɗawa amma ita ce ta farko da ta fito yadda raina yake so, shi ne na ce ba zan ajiye ta haka tsirara a kan tebur ba, bari in yi mata ɗan dandamali zagayayye mai ɗan tsayi irin wanda nake gani a hotuna, in zuba ƙasa da 'yar ciyawa in tsayar da soja ɗaya a gefenta.

Katako ba ni da abin da zan yanka shi ya fito zagaye, sai na tuna akwai guntun fayif ɗin PVC mai 110mm da ya yi saura tun wani aikin famfo, na yanko kamar santimita 4 da zarton ƙarfe, na yanko fallen robar sitirin mai kaurin 1mm na ɗora masa a matsayin sama. Na shafa gam ɗin nan na ruwa da muke haɗa samfuran da shi, na kwalba mai ɗan burushi, na danne da littafi ya kwana. Da safe ina ɗagawa saman ya biyo hannuna, fayif ɗin yana nan zaune tas kamar ba a taɓa shafa masa komai ba. Na ce to shikenan, na yanko wani fallen na sa gam ɗin masu aikin famfo, wannan kam ya kama, amma bayan kwana biyu bakin ya yi laushi kamar cingam tsakiyar kuma ta lotsa ta yi kwari.

Bayan wannan ma yankan nawa bai miƙe ba, in na ajiye shi sai ya riƙa rawa, sannan rubutun kamfani da ke jikin fayif ɗin yana leƙowa ta cikin fenti duk da na fesa sau uku. Wlh har na fara tunanin haƙura. Wane gam ya kamata in sa? Ko dai dama fayif bai dace da wannan aikin ba ne ni nake ta wahalar da kaina?

Baban_Zarto:

Wa alaikumus salam. Ɗana kar ka haƙura, fayif ya dace ƙwarai, ni yawancin nawa da shi na yi su, akwai wanda ya fi shekara goma ko motsi bai yi ba. Matsalarka ɗaya ce, ka ɗauka roba duk roba ce.

Wannan na kwalbar da muke kira gam, a gaskiya ba gam ba ne, walda ce ta ruwa. Shi ba ya tsayawa tsakanin abu biyu ya riƙe su, narkar da fuskar robar yake ta nan da ta can su cakuɗe, sai ya bi iska ya tafi su kuma su daskare sun zama abu ɗaya. To an yi shi ne don sitirin, wato robar da ake buga samfuran da ita, kuma irinta ce fallen da ka yanko. PVC bai san shi ba. Ka ga kenan ya narkar da gefe ɗaya, ɗayan yana kallonsa, shi ya sa ka tarar da fayif tas. Na masu famfo kuma nasa ƙarfin ya yi wa fallen 1mm yawa, an haɗa shi ne ya ci jikin fayif mai kauri, da ka shafa wa siririn sitirin sai ya ci gaba da cinsa a hankali, ga shi kuma ka kife shi a kan tebur, tururin ya rasa hanyar fita ya taru a ciki yana dafa saman daga ƙasa. Lotsawar nan da ka gani yawanci daga nan ne.

In dai PVC da sitirin za ka haɗa to gam na gaske kake buƙata, mai riƙewa ba mai narkarwa ba. Ni yadda nake yi, ina kartar bakin fayif ɗin da ƙasan fallen da samfefa mai lamba 120 don gam ya sami wurin kamawa, in goge ƙura, in ɗiga supa gulu a wuri huɗu kawai don ya tsayar min da shi, sai in kifa abin in bi lungun ciki da efoksi, wannan mai tub biyu da ake kwaɓawa, in zagaye shi duka kamar mai walda yana bin kusurwa. Supa gulu shi kaɗai yana kamawa amma ba shi da juriya, rana ɗaya abin ya faɗo ƙasa za ka ji ƙas ya saki. Efoksi shi ne mai riƙon.

Kuma kar ka wahalar da kanka da yanko falle zagaye daidai wa daida kafin ka manna, ba zai taɓa zama daidai ba. Yanko shi murabba'i ya fi fayif ɗin girma, ka manna, in ya bushe ka bi gefen da wuƙa kana rage shi kaɗan kaɗan sannan ka ƙarasa da magagari da samfefa har ya shafe da jikin fayif. Fayif ɗin da kansa shi ne zai zame maka ma'auni.

Maganar yanka kuwa, da ido ba wanda yake miƙar da shi. Samo takarda mai miƙaƙƙen baki ka naɗe fayif ɗin da ita har ta hau kanta, ka daidaita bakin ya hau kan ɗan uwansa cif, sai ka bi da fensir, wannan layin shi ne daidai. Amma ka lura, kewayen fayif mai 110mm ya kai kusan 346mm, takardar A4 kuwa tsawonta 297mm ne, ba za ta zagaye ba, sai A3 mai 420mm ko tsohuwar kalanda. In za ka yanka kar ka sa zarto ka ratsa daga sama har ƙasa lokaci guda, nan ne yake kaucewa, ka riƙa juya fayif ɗin kana bin layin kaɗan kaɗan sai ka zagayo. Daga nan ka manna samfefa a kan gilashi ko tayil mai santsi, ka kifa bakin a kai kana gogawa kana zana lamba 8, kana canza riƙo. In kana so ka san ka gama, shafa baƙar tawadar alƙalamin maka a bakin duka, inda baƙin ya rage nan ne bai taɓa ƙasa ba tukuna.

Abu na ƙarshe da ba ka tambaya ba amma zan faɗa maka, 110mm ya yi wa jif ɗinka kaɗan. Ita motar ta gaske tsawonta kusan mita 3.35 ne, faɗi kusan 1.57, in ka raba da 35 za ka sami wajen santimita 9.6 da 4.5, daga kusurwa zuwa kusurwa kuwa kusan 10.6. A kan da'ira mai santimita 11 me ya rage? Milimita biyu kowane gefe. Ina sojan zai tsaya? Tunda dai sake yi za ka yi, nemi mai 160mm.

Uwar_Jirage:

Baba ya gama magana a kan dalilin, ba abin da zan ƙara a nan, amma Baba ku yi haƙuri ni a wajen mafita ban bi ku ba. Me zai sa a tsaya ana sasanta roba biyu da ba sa ga maciji alhali akwai falle na PVC ɗin kansa? Wannan farin allon mara nauyi da masu allon talla suke manna sitika a kai, wanda ake kira Forex, a wasu wuraren Sintra, ai PVC ne aka hura masa iska a ciki. Mai 3mm ko 5mm, wuƙa tana yanka shi kamar sabulu, kuma da yake dangin fayif ɗin ne gam ɗin masu famfo yana haɗa su su zama abu ɗaya, ɗan kaɗan za ka shafa ba wanka za ka yi masa ba. Supa gulu ma yana kama shi nan take, har ma saurin ya yi yawa, in ka ɗora a karkace to a karkace zai zauna. Tun da na koma kansa ban sake kwaɓa efoksi don saman dandamali ba.

Kuma ƙanena ko da gam ɗinka ya yi daidai, falle mai 1mm a kan fayif mai 160mm sai ya lotsa, ba abin da ya tokare shi a tsakiya, ga ƙasa da za ka zuba masa mai ruwa ga nauyin mota. In sitirin ɗin kake so dole to ka nemi mai 2mm, ko ka yanko wani guntun ƙaramin fayif mai 50mm tsayinsu ɗaya ka kafa shi a ciki a tsakiya kamar ginshiƙi. Aibin Forex guda biyu ne da na sani, farce ma yana iya yi masa tabo, sannan bakin da aka yanka yana da 'yan ƙananan ramuka masu shan fenti, sai ka bi bakin da supa gulu mai ruwa ruwa ko fila mai cike ramuka ka goge kafin fenti. Amma laushin nan nasa ni riba ce a wajena, da tsinin ƙusa nake zana masa layukan siminti na filin jirgi, wasu har duwatsun titi suke zanawa a kai.

Rubutun jikin fayif kuwa tawada ce, ruwan da ke cikin fentin feshi yana tayar da ita ta hau sama, ko sau goma ka fesa za ta biyo ka. Cire ta za ka yi tun farko, ko da samfefa mai lamba 240 ka bi jikin duka har shekin ya mutu, dama fenti ba ya son wuri mai sheƙi, ko ka ɗan jiƙa tsumma da asiton, ruwan nan da ake goge fentin farce da shi, ka goge da sauri. In asiton ne to kafin ka manna saman, don yana cin sitirin sosai. Sannan firaima, wato fentin shimfiɗa da ake fara fesawa, feshi sama sama daga nesa kamar taƙi ɗaya, sau biyu ko uku kana bari yana shan iska, in ka jiƙe sitirin da fentin gwangwani lokaci guda fuskarsa tana iya yamutsewa.

Ni jirage nake yi shi ya sa nauyi ya fi damuna fiye da ku masu motoci. Spitfire, jirgin yaƙin nan na Ingila, a 1/72 fukafukinta ya kai santimita 15.6, ni kuma a kan fayif mai 75mm nake ɗaga ta da sandar roba mai gani har hanji kamar tana tashi, ka ga in gindin ba nauyi ko labule ya kaɗa sai ta kife. Notuna da wosha nake zubawa a ciki in kashe su da efoksi. Sandar kuma kar a dogara da huda ɗaya, ina sa wani fallen zagaye a can ƙasa cikin fayif ɗin shi ma da huda, sandar ta ratsa biyun, to ba za ta yi lilo ba. Kuma ban yarda supa gulu ya matso kusa da ita ba, tururinsa yana bar mata farin hazo da ba ya goguwa, na yi asarar sanda biyu kafin in gane.

Baban_Zarto:

Hajiya ai ban ƙi taki ba, gaskiya kika faɗa, Forex ya fi sauƙi. Ni abin da ya sa nake manne da sitirin, in saman sitirin ne to duk abin da zan kafa a kai, shinge ne ko durom ko ƙafar soja, da gam ɗin samfura zan kafa shi ya zama jiki ɗaya, kuma bakinsa yana goguwa ya yi kaifi tsaf ba sai an cike ramuka ba. Kowa da inda ya fi so ya sha wahalarsa.

Nauyi kuma ni POP nake kwaɓawa, in kifa dandamalin a kan gilashi in zuba ta baya kamar rabi, ka ga ya ba da nauyi kuma ya tokare saman gaba ɗaya ba zancen lotsawa. Sai dai yana ɗan ɗumi in yana kamawa, kuma ruwan cikinsa yana ɗaukar kwanaki kafin ya fita, kar a rufe ƙasan sai ya bushe ƙarau. A karce cikin fayif ɗin sosai kafin a zuba, in ba haka ba wata rana za ka ji shi yana ƙwal ƙwal a ciki.

Ɗan_Koyo22:

Salam manya, ku yi haƙuri in ɗan shigo da tawa a nan tunda maganar ɗaya ce. Ni wani koren fayif na ruwan zafi ne da ni na gwada shi, ba gam ɗin da ban sa ba har supa gulu amma ɓarewa yake kamar ɓawo, shi kuma meye nasa? Sannan na ga wasu suna tsaga fayif su gasa shi ya miƙe ya zama falle, in na yi haka a kan wuta ba shikenan na huta da neman Forex ba?

Uwar_Jirage:

Ɗan_Koyo wannan koren wata irin roba ce da ake kira PPR, dangin robar PP, su masu famfo ma ba da gam suke haɗa shi ba, da injin zafi suke narka bakin su cusa. Gam ɗin da muke da su ba wanda yake kama shi da kyau, fenti ma haka, ajiye shi kawai. Kafin ka yanki kowane fayif karanta jikinsa, in ka ga PVC ko PVC-U ko uPVC to bismillah, in ABS ne ma ka yi sa'a don shi yana jin gam ɗin narkarwa masu ƙarfi kuma yana haɗuwa da sitirin, in ka ga PP ko PE ka bar shi. In rubutun ya goge yanko ɗan guntu ka jefa a kofin ruwa, PP da PE suna tasowa sama, PVC kuwa nutsewa yake kai tsaye don ya fi ruwa nauyi sosai.

Maganar gasawa kuma don Allah ba a kan wuta ba. PVC tun wajen digiri 80 yake fara laushi, ba ya buƙatar harshen wuta, kuma in ya ƙone hayaƙinsa yana ɗauke da iskar asid mai cin hanci da ido da huhu, ba abin wasa ba ne, shi ya sa ma ba a yanka shi da injin leza. Masu yi da bindigar iska mai zafi suke yi, a waje inda iska take, suna yawo da ita ba sa tsayawa wuri ɗaya, wasu kuma tafasasshen ruwa, in ya yi laushi a matse shi tsakanin katako biyu masu santsi a ɗora nauyi har ya huce. Da ka ga ya fara canza launi zuwa ruwan ƙasa to ka wuce gona da iri. Yana yiwuwa, in ka tsaga mai 110mm za ka sami falle mai faɗin kusan santimita 34, amma gaskiya ba ya miƙewa tas, sai ka yi ta gugar samfefa, ni na gwada sau ɗaya na ce Allah ya ba masu yi haƙuri. Ko gugar ma ka sa takunkumi, ƙurar ba ta da kyau.

Mai_Tankoki:

Baba, Anti, Allah ya saka da alheri ya ƙara basira, wlh rashin sani ya fi dare duhu, ni duk a zatona gam ɗin ne ya lalace. Na dawo da rahoto. Na samo mai 160mm kamar yadda Baba ya ce, A3 ma ba ta zagaye shi ba don kewayen ya haura 500mm sai da na yanko kalanda, na bi layin ina juyawa kuma yankan ya fito, gugar lamba 8 ɗin nan ta ɗauke ni kusan rabin awa hannuna har ya yi tsami amma yanzu in na ajiye shi ko ɗis ba ya motsi. Saman na bi hanyar Baba don sitirin nake da shi a hannu, na haɗa falle biyu na 1mm ya zama 2mm, na sa ginshiƙin Anti a tsakiya, supa gulu wuri huɗu sannan efoksi ta ciki. Na ɗaga shi ta saman na girgiza da ƙarfi, shiru. Rubutun ma ya tafi da samfefa, firaima ta kwanta lafiya, na yi masa baƙi mara sheƙi.

Saura abu ɗaya, jiya na gwada shafa farin gam na kafintoci a wani guntun falle na barbaɗa yashi don in ga yadda ƙasar za ta yi, da ya bushe sai na ga duk ya ɗago a haɗe kamar fata. Kar in je in zuba a kan na gasken ya yi min haka.

Baban_Zarto:

Madalla ɗana. Farin gam so yake ya shiga jikin abu kamar katako ko takarda, roba mai santsi ba ta da inda zai shiga. Ɗauki wuƙa ka tsattsaga saman da layuka gicciye da juna, ka bi da samfefa mai kaushi, ka fesa firaima, sannan ka shafa gam ɗin, zai zauna. Ka naɗe gefen da tef kafin ka fara don kar ƙasar ta ɓata maka baƙin fentin, ka cire tef ɗin tun tana da ɗanshi. Kuma tun kafin ta bushe ka ɗora jif ɗin ka ɗan danna tayoyin su nutse kaɗan, in ba haka ba za ta fito kamar tana shawagi a kan ƙasar. Falle biyun nan da ka haɗa, da wane gam ka haɗa su? In na ruwan ne kuma ka zuba da yawa a tsakani to ka ba shi sati ɗaya tukuna ka ga ko zai motsa kafin ka zuba komai a kai.

Mai_Tankoki:

Na ruwan ne Baba, kuma gaskiya na ɗan cika hannu. Bari in jira satin, in ya zauna lafiya zan ɗora hoto.